Ƙyallin da Ke Shan Haske

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Daga mahaifiyarki a Illela zuwa ga ɗiyata, autata, Hauwa'u Kulu, can ƙasar Zamfara inda aure ya kai ki. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda. Ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Ki gaishe mini da shi gaisuwar girma, ki ce ina yi masa barka da sabon aikin rubutu wurin alƙali. Allah ya tsare ku daga ruwan da cikinku bai saba da shi ba, da zazzaɓin damina, da bakin mutane, da duk abin ƙi na fili da na ɓoye.

Bawa mai jakai, wanda ke kawo mana dutse daga wajenku, shi na ba takardar tare da ɗan ƙunshi. Kada ki kwance ƙunshin sai kin kai ƙarshen karatu. Na san ki, tun kina ƙarama ba ki iya ganin ƙulli ki ƙyale shi. Kada kuma girman baƙaƙen ya tsorata ki. Baƙi a kan fari har yanzu ina ganinsa, in na zauna bakin ƙofa da hantsi. Labarin gari kuwa ba zan ɓata tawada a kansa ba. Bawa ya fi ni baki, zai ba ki har da wanda bai faru ba.

Magana ɗaya ce ta sa na fiƙe alƙalami. Ranar da kunka tashi, an gama ɗaure kaya, maigidanki ya yi gaba, sai kinka dawo cikin zaure kinka kama bakin zanena, kinka ce, "Wallahi Inna, ana gama girbi ina dawowa, ko da Malam ko babu shi. Wa zai tsince miki dutse?" Ban ce miki komai ba, don akwai mutane. Daga baya na gane shirun nan ya yi kama da yarda. To ga gero ya fara fitar da kai a gonakin Gidan Katta, girbi ba nisa. Rantsuwarki na zaune mini a ƙirji, ina tsoron ki cika ta ki rushe gidanki saboda idona. Ki yi haƙuri da tsawon abin da zan faɗa. Sai na bi ta baya kafin in iso wurin.

Kin san sana'armu, amma da hannu kinka san ta. Ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki yadda na same ta ba. Dutsen ƙyalli, wanda ke ɓarewa ganye-ganye kamar ɓawon albasa, babu shi a ƙasarmu. Mu farar ƙasa Allah ya ba mu, da laka ta bakin tafkin Kalmalo. Daga duwatsun Zamfara yake zuwa, da can kuma Buzaye kan kawo mana na Azbin, kafin Nasara su kafa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙonni ayarin ya canza hanya. Mu daka, mu tankaɗe, mu dama da farar ƙasa da ruwan ƙaro, mu shafe cikin ɗaki. Ɗakin mace ƙofa ɗaya gare shi. Ɗan hasken da ya shigo, in bango ya mayar da shi, ɗaki ya waye, in bango ya shanye shi, ta wuni cikin magariba. Farin ƙyalli na mayar da haske, baƙin na shanyewa. Amma baƙin nan in an gasa shi a kasko sai ya koma ruwan zinariya, shi muke zagaye ƙofa da wurin jere da shi. Duk aikin yana ga tsinta, a raba wanga da wancan kafin a kai turmi.

Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, ita ta koya mini, Allah ya haskaka kabarinta. Ina budurwa, na baro allo ke nan, kaina cike da lissafi. Na ga tana zuba baƙi a kasko yana fitowa zinariya, sai na ce a raina, in baƙi mai duhu ya ba da wanga kyau, ina ga fari? Ranar da ta tafi suna a garin Amarawa na ɗauki kwandonta na fari, wanda ta daɗe tana tarawa, na hura wuta na gasa shi duka. Na juya, na jira, na ƙara itace. Bai yi zinariya ba. Ɗan ƙyallin da yake da shi ma ya mutu, ya koma kamar ɓawon kifin da rana ta busar a bakin tafki.

Da ta dawo ta leƙa kaskon. Sannan ta ce, "Ke ɗiyar malam, mi kinka yi?"

Na ce, "Gwaggo, zinariya nika biɗa."

Ta ce, "Ga fari? Wanda babu komi cikinai, mi wuta za ta fiddo? To kwashe ki kai ma malam, ko shi karanta mishi wani abu shi tashi."

Ba ta buge ni ba, dariyar da ta riƙa yi mini har ta tsufa ita ce bulalar. Amma da na tambaye ta mi ke cikin baƙin wanda babu a farin, sai ta ce haka Allah ya yi su. Gaskiya ta faɗa, sai dai raina bai kwanta ba.

Mahaifinki ne, Allah ya jiƙansa, ya buɗe mini wurin, bayan shekaru. Ke ba ki san shi sosai ba, amma kin ga tukunyarsa ta baƙin rini da har yau ke bayan rumbu. Baduku ne mai tsabtar aiki. Guntayen ƙarfe masu tsatsa yake jiƙawa cikin ruwa mai tsami, in ya taɓa fatar da anka jeme da bagaruwa, nan take ta yi baƙi ƙirin. In kore yake so, garin tagulla yake kankarewa. Wata rana ina tsinta kusa da shi, ya nuna mini abin da ya ɗebo a bakin wuƙa ya ce, "Duba, bai kai abin da farce ke ɗauka ba, amma ya ishi fata guda. Ni ina zaton dutsenki ma hakanan ne. Jikinsu ɗaya, baƙo ne ya sauka cikin wani bai sauka cikin wani ba." Bai tsaya nan ba, ya kwashi baƙi da fari ya kai maƙerar Arzika. Arzika ya sa baƙin cikin wuta, aka yi ta zuga. Ya yi zinariya, ya wuce zinariya, ya koma ja kamar tsatsar tsohuwar fartanya. Arzika ya murza shi a tafi ya ce, "Wanga ɗan'uwan tama na, ƙarfe na cikinai." Farin kuwa ko gezau.

Tun daga ranar na gane. Ɗan ƙarfen da ke ɓoye tsakanin ganyen dutsen shi ke kama haske ya hana shi wucewa. In kaɗan ne ƙwarai, dutse ya yi ruwan zuma. In ya ƙaru, ya yi ruwan tsamiya. In ya yi yawa, ya yi baƙi. Wuta ba ta kawo komai daga waje, ƙarfen da ta iske shi take nunarwa, kamar yadda damina ke jajanta garma. Akwai wani mai kore-kore da wani mai ruwan hoda-hoda kamar furen rama da Buzaye kan kawo jefi-jefi. Mahaifinki ya ce tagulla ce a cikin koren, Arzika ya ce ya ƙona bai ga alamarta ba, wani ƙarfe ne dai da bai sani ba. Sun yi ta gardama har Allah ya raba su. Ni ban sani ba, ba kuma zan rubuta miki abin da ban sani ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, Kulu, game da maigidanki ne, ki gafarce ni da shiga. Na lura da shi tun yana zuwa gaisuwa. Mutum ne mai shiru, ba ya iya zaƙin baki, ba zai shigo yana yabon tuwonki har maƙwabta su ji ba. Ke kuwa jinin Gwaggo ce, kina son a yi raha a yi dariya. Kada ki ɗora shi a kasko kina neman abin da Allah bai zuba masa ba. Ba za ki samu ba, ɗan hasken da yake da shi ma sai ki kashe. Ni na ga abin da yake da shi: bai taɓa faɗa mini magana na iske ta ba haka ba. Ki riƙe wanga, ki gode.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo, don a kan wadda na fi girmamawa ya faɗa. Modibbo, tsohuwar Bafilatanar da na sauke Alƙur'ani a gabanta, idonta ya fara rauni. Tana son ta yi karatu cikin ɗakinta ba sai ta fito rana ba. Na ce ni zan shafe mata ɗakin da hannuna, fari tas, ba na son komai sai albarka. Na hana Gwaggo ta sa hannu, ina son ladan ya zama nawa ni kaɗai. Kin ji farkon ɓarna.

Na zazzage mangala a tsakar gida na tsinta da ido, a tsibi. Manyan guntaye masu kauri na ga sun yi duhu-duhu, na ture su gefe. Ƙananan ɓarɓashi na gindin mangala, sirara kamar fiffiken fara, na ga suna walƙiya garau, na ce ga fari. Na daka, na dama, na shafe. Da ɗanye ba a ganewa. Na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Da na koma gaishe ta bayan ya bushe, sai na iske ta zaune a dokin ƙofa, rana na dukan ƙafafunta, ta yafa zane a ka, littafi a cinya. Na leƙa ɗakin. Kulu, kamar hadari ya haɗo. Bangon na ƙyalli, amma ƙyalli mai duhu, ya shanye ɗan hasken da a da take samu. Na juyo na dube ta. Ita kuwa ta ɗago ta ce, "Ɗakin ya yi sanyi, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da ban je ba, da haka za ta zauna cikin rana har ƙarshen ranta ba ta faɗa wa kowa ba.

Na je na faɗa wa Gwaggo ina kuka. A wanga karo ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko ɗaya daga manyan da na ture, ta sa bakin wuƙa ta ɓare shi, ta sake ɓarewa, har ya yi sirantaka ɗaya da ɓarɓashina. Ta tsaya cikin ɗaki ta ɗaga su biyun ga hasken ƙofa. Wanda na ƙi, fari ne kamar ruwan rijiya. Wanda na zaɓa, ruwan zuma ne, wani ma ruwan tsamiya. Kowane ganye na shan ɗan rabonsa na haske. Fari ma ba ya rasa ɗan tabon ƙarfe, in ganyensa sunka taru da yawa sai ya yi kamar mai duhu. Mai ƙarfe kuwa in ya yi siriri sosai sai ya yi kamar mai tsarki, sai an tara shi a bango halinsa ya fito. Munka kankare ɗakin Modibbo ni da Gwaggo, munka sake. Ta yi sauran shekarunta tana karatu a kan gadonta. Har yau in na tuna ita da rana a ƙafafunta sai in ji kunya, in kuma tuna addu'arta sai in ji ban san da mi zan gode wa Allah ba, don ina zaton ita ce ke bina har yanzu.

Ke yanzu kina gindin dutsen. Za ki gan shi arha, yara ma na wasa da shi in ji Bawa. Kada ki karɓi ɓarɓashi, kada ki tsinta a tsibi. Ɓare su kauri ɗaya, ki gwada su gefe da gefe. Mutanen garin ma hakanan. Za ki ji matansu a bakin rijiya, harshensu ba irin namu ba, muryarsu sama, ki ce duk masu faɗa ne. A tsibi kinka gan su. Ki bari sai kin zauna da kowace ita kaɗai. Wadda kuma ta fara zuwa miki da walƙiya tun ranar farko, tana son jin komai na ɗakinki, ki yi mata fara'a, amma ki dakata tukuna. In kuma kinka yi wa wani alheri, ki koma ki duba ko ya zame masa alheri. Masu kunya ba su faɗa.

Na uku kin san ƙarshensa, farkonsa ne ba ki sani ba. Kina tsammanin ciwo ne ya kama mini ido. Ba ciwo ba ne.

Gwaggo ta sha gaya mini, ga hasken ƙofa ake duba dutse, ko ga sararin sama inda rana ba ta, ba a ɗaga shi ga idon rana. Bayan rasuwarta aiki ya yi mini yawa, na ga idon rana ya fi sauri, ɗagawa ɗaya kin san ko wane ne. Na saba. Har na riƙa jin daɗin abin, don in kin sa baƙin ƙyalli a ido, rana sai ta koma kamar jan goro, ƙarama, lafiyayya, ba ta sa ki ƙifta ba. Shekarar da anka yi husufin rana, kina goye a bayana, maza sunka tafi masallaci, yara na ta kiɗan ƙwarya a titi. Ni da na san abin da ya kamata mai karatu ta yi a irin wagga sa'a, maimakon in shimfiɗa buzu, sai na ɗauki baƙin ƙyalli na laɓe bayan rumbu. Na kalli rana tana raguwa kamar ana gutsurar waina, na kalle ta tana dawowa. Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Ko ɗigon zafi ban ji ba.

Washegari na buɗe Alƙur'ani, sai na ga tsakiyar kowace kalma babu. Duk inda na sa idon dama akwai tabo kamar hayaƙin fitila a bango. Na wanke, na sa kwalli, na sha rubutu, tabon na nan har yau. Dutsen ya shanye hasken da ke sa ido ya ƙifta ya kare kansa, ya bar wanda ke ƙonewa ya wuce. Idon hagu ya ɗauki nauyin duka shekarun nan, yanzu shi ma yana ta sauko masa, launuka sun zame mini kamar ana kallonsu ta cikin ruwan kunu.

A nan ba misali nake yi miki ba. Kada ki ɗaga dutse ga rana, kowane iri ne, komai duhunsa. In Allah ya ba ki 'ya'ya a garin da yara ke wasa da shi, ki hana su, ko da duka ne, ni na yarda. Bayan wanga, ki riƙe cewa rashin jin zafi ba shi ne lafiya ba. Abin da na yi wa idona, da daɗi na yi shi.

Duk da haka, in na auna, godiya ta fi yawa. Allah ya ɗauki launi ya bar mini baƙi da fari, ga shi ina karanta Littafinsa, ga shi ina rubuta miki. Sannan ya ba ni ke. Ba ki kai tsawon turmi ba kinka fara zama gabana kina ɗaga ganye ga ƙofa, kina cewa, "Inna, wanga ruwa, wanga zuma, wanga zuma amma ta ƙarya." Zuma ta ƙarya! Har yau ban san inda kinka samo ta ba, amma ba ki taɓa kuskure a kanta ba. Ɗakunan amaren da anka yi ta yabona a kansu daga nan har Kalmalo, hannuna ne, idonki ne. Ban taɓa ce miki na gode ba, don uwa ba ta saba faɗa ba. To na gode, Kulu. Allah ya saka miki da abin da ya fi ido.

Sai dai a nan ne na yi kuskuren da ya haifi rantsuwarki. Maimakon in gode miki ke kaɗai, sai na riƙa faɗa gaban mutane. Duk matar da ta zo ta yaba aiki, sai in nuna ki in ce, "In ba don wagga ba, da na daɗe da zama." Ni yabo nake nufi. Ban lura ba kina ji tun kina ƙarama, kina tarawa, har ya zame miki igiya a ƙafa. Ɗan abu ne, bai kai abin da farce ke ɗauka ba, ga shi ya rine miki tafiyar aurenki duka. In kin haifi naki, ki gode musu a ɓoye, kada ki sa su ji cewa in sun tafi za ki faɗi.

Yanzu ga abin da ya faru bayan tafiyarki. Ba zan ce ban yi kuka ba. Na bar kwandon dutse a rufe har Bawa ya sake zuwa ya tafi. Wata rana dai na ce bari in wanke shi ko don ƙura. Na wanke, na ɓare abin da na iya da hannu, na baza a faifai cikin rana da hantsi, na shiga wani aiki. Da na dawo kwashewa, wani ganye ya ƙone mini yatsa, na kusa da shi kuwa ɗumi kawai. Na tsaya. Na ɗauki wani na kai leɓena, don leɓe ya fi yatsa ji. Zafi. Na ɗauki wani, sanyi-sanyi. Kulu, sai na zauna a ƙasa ina ta hamdala kamar wadda anka yi wa bushara. Ashe hasken da dutse ya sha ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa, kamar yadda baƙar tukunya ke riga farar ƙwarya ɗaukar rana. Mai ƙarfe da yawa ya fi zafi, mai kaɗan ya bi masa, fari ya bar hasken ya wuce abinsa. Shekara da shekaru ina taɓa dutsen nan ban lura ba, don ido ya hana ni.

Tun ranar nake gwadawa. Na gane sai kaurinsu ya zo ɗaya, sai an baza su tare an kwashe tare, sai kuma da hantsi, don da rana ta take duk zafi suke yi. Baƙi da fari ba su ba ni wahala. Zumar nan taki ta ƙarya ita ce abin tsoro, ita ce ta duhunta ɗakin Modibbo. Na kira Ta-Allah maƙwabciyata ta duba mini, ta juya su ta ce, "Duk daidai na, Innar Kulu, kin fi masu ido." Amma kin san Ta-Allah, ko jar akuya kinka nuna mata kinka ce baƙa ce, za ta ce daidai na, don kada ranki ya ɓaci. Ido biyu na yarda da su a wanga aiki. Na Gwaggo na kabari, naki na Zamfara.

Shi ya sa na aiko miki da ƙunshin. Tsumma uku ne a ciki. Mai ƙulli ɗaya, abin da leɓena ya ce fari ne. Mai ƙulli biyu, zuma. Mai uku, baƙi. Ni kaɗai na tsince su, babu wanda ya taya ni, kuma wallahi ban sani ba ko na dace. Ki duba ki faɗa mini gaskiya, kada ki yi mini irin ta Ta-Allah, kada kuma ki yi mini irin ta Modibbo. In na dace, zan karɓi ɗakunan amaren bayan girbi. In zuma ta shiga cikin farina, zan bar shafen fari har abada, ba zan sake sa wata baiwar Allah zama cikin duhu ba. In tsaya ga zinariya, wadda wuta ke tsince mini, in ƙara da karantar da 'yan matan unguwa. Yayanki na noma, rumbu bai taɓa yin fayau ba. Ko ta wace hanya, ba ni da buƙatar ki baro ɗakinki. Ki zo ganin gida in maigidanki ya yarda, ki zo da shi, in yi muku fura, ki kwana biyu ki koma.

Saura rantsuwar. Sunan Allah kinka kama, ba abin wasa ba ne, ba kuma ni ke da ikon yafe ta ba. Na aika matar Liman ta tambayo mini shi, ba tare da na ambaci sunanki ba, ko da yake na san ya gane. Ya tabbatar mini da abin da na karanta: wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, ya bar shi ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Na auna geron daga na gonar mahaifinki, na zuba a sabuwar tukunya na rufe, tana nan ƙarƙashin gadona. Na san gidajen da zan kai. Amma ba ya halatta in fitar sai da izininki, don bakinki ne ya rantse, niyyar taki ce. Kullum in na shiga ɗaki sai ƙafata ta taɓa tukunyar. Bawa zai juyo kafin a fara yankan gero. Ki ba shi amsar dutsen, ki kuma ba shi kalma ɗaya ya kawo mini: "Inna, fitar."

Allah ya zaunar da ke a ɗakinki lafiya, ya sa albarka tsakaninki da maigidanki, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Allah ya tsare miki idonki, da harshenki, da sallarki. Ya tsare Bawa da jakansa a hanya, zuwa da dawowa. Ya jiƙan mahaifinki, da Gwaggo, da Modibbo, ya sa hasken da sunka bar mana ya iske su inda suke. Yayanki da matarsa na gaishe ki, Ta-Allah ma ta ce in gaishe ki har sau nawa ban riƙe ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Wassalam.

To, yanzu kwance ƙunshin. Ki shiga cikin ɗaki ki ɗaga su ga hasken ƙofa, Kulu. Ba ga idon rana ba.